Ciwon Wuya: Daga Ina Yake Zuwa, Yaya Za Mu Kauce Masa?

   

Hirarmu ta yau a kan wuya take. Kafin mu shiga cikinta, ga tambaya. Yaya kake zaune yanzu? Kada ka gyara tukuna. Duba kanka. Ina haɓarka take? Ta kusa taɓa ƙirji? Kafaɗunka fa, sun ɗago wajen kunne? Ke ma, malama, duba zamanki. To, ku riƙe abin da kuka gani, za mu yi amfani da shi.

Ciwon wuya ba baƙo ba ne. Masana sun yi lissafi cewa a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 203 ne suke fama da shi a duniya, kuma ya fi yawa ga mata. Ba kasafai yake kisa ba, amma yana tsaida aiki. Tela mai ciwon wuya ba ya gama ɗinkin Salla. Ɗan ga-ruwa ba ya kai ruwa gidajen da ya saba. Ɗalibi yakan ajiye allo ya ce karatu ne bai karɓe shi ba. Ka ga ashe abin ya taɓa tukunya, ya taɓa aljihu, ya taɓa ilimi.

Yadda wuya yake

Sa hannunka a ƙeya, ka shafo ƙasa a hankali. Za ka ji ƴan ƙasusuwa a jere. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, ɗaya bisa ɗaya. Wanda ya taɓa zuwa Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, ya ga raƙumin dawa da dogon wuyansa. To, shi ma ƙasusuwan wuyansa 7 ne, daidai da naka. Nasa dai dogaye ne, naka gajeru.

Tsakanin yawancin ƙasusuwan nan akwai wani ɗan faifai mai taushi. Aikinsa kamar na gammo ne: yana hana ƙashi gugar ƙashi. Ta tsakiyarsu kuma laka ta bi, daga ƙwaƙwalwa zuwa gadon baya. Daga lakar nan jijiyoyi suke fita, su bi kafaɗa, su sauka hannu, har yatsu. Shi ya sa wani lokaci ciwo yana wuya, amma a yatsa ake jin sa. Kewaye da wannan duka akwai tsoka, wato naman da yake riƙe kai, yake juya shi dama da hagu, sama da ƙasa.

Nawa ne nauyin kan babban mutum? Wajen kilo 5 ne. Kusan tiya biyu ta gero ke nan. Wannan kaya wuyanka yake ɗauke da shi tun daga asuba har ka kwanta. Ba ya saukewa sai kanka ya taɓa matashi.

Abin da sunkuyo yake yi

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi a gida. Ɗauki taɓarya, ka riƙe ta daga ƙasa da hannu ɗaya, tana tsaye cak. Ba wuya. Yanzu karkata ta gaba kaɗan. Me ka ji? Hannu ya fara aiki. Ƙara karkata ta. Kafin minti ɗaya hannunka zai yi rawa. Nauyin taɓarya bai ƙaru ba, karkatar ce ta ƙara wa hannu wahala.

Haka kai yake bisa wuya. In kunne yana daidai da kafaɗa, ƙasusuwa ne suke ɗauke da kayan, tsoka tana ɗan taimako kawai. In kai ya yi gaba, tsokar ƙeya ce take janye da shi, kamar igiyar da ta riƙe guga a bakin rijiya.

A shekarar 2014 wani likitan ƙashin baya na birnin New York a Amurka, mai suna Kenneth Hansraj, ya yi lissafin wannan nauyi. Ga abin da lissafinsa ya nuna. In ka sunkuya kaɗan, wuya yana jin kamar kilo 12. In ka ƙara, kamar kilo 18. In ka sunkuya sosai, haɓa ta nufi ƙirji, kamar kilo 27. Ku tuna, lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ashe kilo 27 ya fi bido mai lita 25 cike da ruwa.

Kada wannan ya tsorata ka. Wuya yana da ƙarfi, kuma an halicce shi don ya lanƙwasa. Mai ruku'u yana sunkuyawa, mai ɗaukar tsintsiya yana sunkuyawa, ba abin da yake samun su. Daɗewa wuri ɗaya ita ce take kawo ciwo. Tsokar da ta yi awa biyu tana ja ba hutu takan gaji, ta ɗaure, ta yi tauri. Sai ka ji nauyi a kafaɗa, da zafi tsakanin allunan kafaɗa, da ciwon kai mai tasowa daga ƙeya. Ko zaman da ya fi kowane kyau, in ka daɗe cikinsa ba motsi, zai gajiyar da kai.

To, ga maganar da muke so kowa ya riƙe yau: ka ɗago aikinka wajen idonka, kuma kada ka daɗe ba ka motsa ba.

Akwai abubuwan da suke ƙara wa ciwon ƙarfi. Rashin barci yana ƙara shi. Damuwa ma haka. Mutumin da bashi ya dame shi, ko rigimar gida, yakan ɗaure kafaɗunsa bai sani ba. Shekaru kuma suna da nasu: in mutum ya manyanta, faifan nan na tsakanin ƙasusuwa yakan rage taushi. Wannan ba cuta ba ce, kamar furfura ce.

Su wa abin ya fi shafa?

Mu zaga birnin Yamai mu gani. Shiga Babbar Kasuwa, ka dubi teloli bisa kekunansu. Ido yana kan allura, kai ya yi gaba, tun safe har la'asar. In azumi ya raba tsakiya, har dare suke kaiwa. Je gidan tarihi na Bubu Hama, ko wurin masu sana'ar hannu na Wadata. Ga dukawa, ga maƙeran farfaru, ga masaƙa, kowa ya duƙufa kan ɗan abin da yake hannunsa. A Katako ga masu ƙera tukwane da akwatuna, a tsugune, guduma a hannu.

Gangara bakin kogin Isa, kusa da gadar Kenedi. Masu wanki suna duƙe cikin ruwa. Masu lambu suna jan ruwa suna ban ruwa. A fadamun shinkafa na Saga da Kirkisoy, masu dashe suna wuni a sunkuye.

A cikin gida fa? Uwar gida ta yi shara da gajeriyar tsintsiya. Ta yi wanki a ƙasa. Ta tsince shinkafa, faifai bisa cinya. Ta yi daka, da goyo a baya. Mai kitso ta yi awa uku a kan kai ɗaya. Mai talla ta ɗauki tire tun hantsi. Ba mamaki da ciwon ya fi yawa ga mata.

Ma'aikacin ofis ma bai tsira ba. Yana zaune gaban kwamfuta, haɓa ta yi gaba kamar ta kunkuru. Direban taksi da ɗan kabu-kabu suna wuni a zaune, ga girgizar hanya.

Sai kuma baƙon da ya shigo kowane gida, wato salula. Yaro da babba, kowa ya aje ta bisa cinya, ya sunkuyar da kai, yana kallo ko yana sauraron saƙo. Awa takan wuce bai ɗago ba.

Na ƙarshe kai ne, ɗalibi. Ka wuni kana aiki. Da dare ka zo aji, ka zauna bisa tabarma, ka aje allo ko kaye a ƙasa. Hannu bai saba da alƙalami ba, sai ka damƙe shi da ƙarfi, kafaɗa ta ɗaure. Haske kaɗan ne, sai ka kai ido kusa da takarda. In an tashi, wuya ya riƙe. Ba karatu ne ya kawo ciwon ba, zaman ne. Zama kuwa ana iya gyara shi.

Gyaran zama a aji

Na ɗaya, ɗaga abin karatu. In akwai tebur da benci, madalla. In babu, sa matashi bisa cinya, ka ɗora ɗan katako ko faifai a kai, sannan ka aza kaye. Kujerar mata ƴar tsugune ma tana zama tebur ga mai zaune a tabarma. In karantawa kake yi, ba rubutu ba, ɗago littafin wajen ƙirji, ka tokare gwiwar hannu da cinya ko da tebur.

Na biyu, jingina. Zauna kusa da bango ko gindin icce, ƙugu ya taɓa shi. In a benci kake, tafin ƙafa biyu su taka ƙasa.

Na uku, sassauta riƙon alƙalami. Ba hauya ba ce. Yatsu uku sun isa. In ka ga farcenka ya yi fari, ka matse da yawa.

Na huɗu, haske. Aje fitila ta gefen hannun da ba ka rubutu da shi, don kada inuwar hannu ta rufe baƙaƙe. Mai rubutu da dama ya sa ta hagu, bahago ya sa ta dama.

Na biyar, ido. Baba, inna, wannan taku ce. Daga shekara 40 zuwa sama, idon yawancin mutane yakan rage ganin abu na kusa. Sai ka ga mutum yana miƙa wuya, yana matse ido, yana kai takarda nesa yana dawo da ita. Wannan ba makanta ba ce, kuma ba abin kunya ba ne. Je a auna idonka, a ba ka tabarau na karatu daidai da kai. Sau da yawa ciwon kai da na wuya sukan ragu daga nan.

Malamai, ga roƙonmu gare ku. Duk bayan rabin awa, ku ce wa aji ya miƙe tsaye na minti ɗaya ko biyu. A miƙa hannu sama, a juya kafaɗa, a koma a zauna. Ba ɓata lokaci ba ne. Ɗalibin da wuyansa bai riƙe ba, shi ne zai dawo gobe.

Gyaran aiki

Kai tela, gwada kujerarka. In ta yi tsawo da yawa, za ka duƙa kan keke. In ta yi ƙasa, kafaɗa za ta ɗago. Nemi wadda in ka zauna, gwiwar hannunka take daidai da bisan teburin keke. Matso kusa da keken, kada ka miƙa jiki daga nesa. Duk rigar da ka gama, miƙe ka taka ƙofar shago ka dawo.

Kai mai sana'ar hannu, ɗora aikin bisa kututture ko ɗan benci. Tsawon taki ɗaya da ka ƙara wa aikin, wuyanka zai ji bambanci.

Ke uwar gida, ɗaura wa tsintsiya sanda, ki yi shara a tsaye. Ɗora bahon wanki bisa kifaffen turmi ko dakali. In za ki tsince shinkafa, aza faifan bisa wani abu mai ɗan tudu. Ke mai kitso, zauna bisa kujera, mai kitson ta zauna ƙasa a gabanki, yadda kanta zai zo daidai ƙirjinki. Duk bayan ƴan layuka, ku huta ku biyu, domin ita ma wuyanta a karkace yake.

Kai manomi, ka san bambancin kalme da hauyar tsaye. Mai hauyar tsaye yana noma bai duƙa ba, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta a jigawa. Inda ƙasa ta yi tauri, dole sai an duƙa, to, in ka kai ƙarshen kunya ka miƙe, ka dafa ƙugu, ka dubi nesa, sannan ka juyo.

Kai ma'aikacin ofis, ɗaga kwamfuta har saman gilashinta ya zo daidai idonka. Tsofaffin littattafai biyu ko uku a ƙarƙashinta sun isa. Kada ka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kana rubutu.

Kai mai salula, ɗago ta wajen fuska. Ido ya sauka ƙasa, kai ya tsaya. In hira ta yi tsawo, tashi ka yi ta kana takawa. Ku lura da yara kuma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya daɗe da salula, a aike shi, ko a tura shi wasa waje.

Ɗaukar kaya

Ɗaukar kaya a ka gadonmu ne, kuma mata sun gwane da shi. Amma ku yi lissafi. Bido mai lita 25 kilo 25 ne, wato nauyin kai sau biyar. Ɗan ga-ruwa mai garwa biyu a sanda yana ɗauke da kusan kilo 40 bisa kafaɗa. Ga ƙa'idodi kaɗan.

Kada ki ɗora kaya mai nauyi ke kaɗai, kada ki sauke ke kaɗai. Lokacin ɗorawa da lokacin saukewa ne wuya ya fi murɗewa. Nemi mai taya ki. Yi gammo mai kauri, kayan ya zauna tsakiyar kai. In an kira ki kina ɗauke da kaya, juya da jiki duka, kada ki juya wuya kaɗai. Sawu biyu da rabin kaya ya fi sawu ɗaya da kayan da ya fi ƙarfinki. Sannu ba ta hana zuwa. Inda akwai kura, ko baro, ko amalanken jaki, a yi amfani da su. Maƙwabta suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Mai sanda a kafaɗa ya riƙa sauya kafaɗa. Yara kuwa ƙashinsu bai gama ƙwari ba. Kada a ɗora wa yarinya kayan babba.

Kwanciya

Mutum yakan yi awa 7 ko 8 a kwance. In wuya ya kwana a karkace, da safe sai ka ji ya riƙe. Kwanciyar rigingine da kwanciyar gefe su ne suka fi. Mai kwanciyar gefe ya sa matashin da zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, kai ya yi daidai da gadon baya. Mai rigingine ya sa matashi marar tudu. Matashi biyu ko uku a jere suna tura kai gaba, kamar ka kwana a sunkuye. Rub da ciki kuwa yana sa wuya ya kwana a juye gefe ɗaya. In ba ka da matashi, naɗe zane daidai yadda ya yi maka daɗi.

Motsa wuya

Ga motsi guda biyar. Ba sa son kuɗi, ba sa son wuri. Mu yi su tare yanzu. A yi a hankali, ba fizga.

Na ɗaya: zauna daidai, ka dubi gabanka. Ja haɓa baya, kamar wanda aka kawo wa abu mai wari kusa da hanci. Ƙirga 5, ka saki. Yi sau 10.

Na biyu: juya kai dama, kamar mai sallame salla. Dawo tsakiya. Juya hagu. Sau 5 kowane gefe.

Na uku: karkata kunnen dama wajen kafaɗar dama, kafaɗa tana ƙasa. Ƙirga 10. Koma hagu.

Na huɗu: ɗaga kafaɗu sama, ka kai su baya, ka sauke. Sau 10.

Na biyar: ja allunan kafaɗa baya, kamar za su haɗu. Ƙirji ya buɗe. Ƙirga 5, ka saki.

Yaushe za a yi? Ɗaura su da abin da ka saba. Bayan kowace salla, ko lokacin da kake jiran shayi ya nuna. Ɗan ja da za ka ji ba komai ba ne. Amma in ka ji jiri, ko zafi ya harba hannu, tsaya, ka gaya wa likita. Tafiya da ƙafa ma magani ce. Rabin awa a yini tana amfanin wuya da baya duka.

In ciwon ya riga ya zo

Yawancin ciwon wuya irin wannan yakan lafa cikin ƴan kwanaki ko ƴan makonni. Kada ka kwanta ka ce sai ya warke. Rage aiki mai nauyi, amma ka ci gaba da motsi. Jiƙa tsumma cikin ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora a ƙeya na wajen minti 15. Ruwan ɗumi muka ce, ba tafasasshe ba. Tausa mai sauƙi da man kaɗe ba laifi.

In kana son maganin rage zafi, je farmasi ko gidan likita, ka bi yadda aka ce ka sha. Ka guji ƙwayoyin da ake yawo da su a tire cikin rana. Wasu suna cin ciki, wasu suna ɓata ƙoda, mai juna biyu kuma ba kowane magani ne nata ba. Tramol kuwa yana rufe ciwo na ɗan lokaci, sannan ya kama mutum ya kasa bari. Samari da yawa sun fara shan sa don ƙarfin aiki, suka ƙare da abin da ya fi ciwon wuya muni.

Kada ka bari kowa ya murɗe maka wuya da ƙarfi don ya yi ƙara, ko wanzami ne, ko aboki. Laka da jijiyoyin jinin da suke zuwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi. Sakiya da tsaga ba sa gyara zama, kuma aska ɗaya ga mutum da yawa tana raba cuta.

In ciwon ya kai makonni bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, je gidan likita na unguwarku. In da bukata, za su tura ka babban asibiti, inda akwai ma'aikatan da suka koyi gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki.

Ciwon wuyan da ba ya jira

Jama'a, ku buɗe kunne da kyau a nan. Ba kowane ciwon wuya ne na zama ba. Akwai wanda in an yi jinkiri, rai ne.

Na farko shi ne sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin yankin da cutar nan take yawan ɓulla, musamman da rani, daga lokacin hunturu da ƙura har faɗuwar ruwa. A shekarar 2015 ta kama mutum fiye da 8000 a Nijar, fiye da 500 suka rasu. Yamai tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani, har aka rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Ga alamunta: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare har haɓa ba ta iya taɓa ƙirji, amai, ƙin haske, rikicewar hankali ko suma. Jariri kuwa yakan ƙi nono, ya yi ta kuka, maɗigarsa ta kumbura. In kun ga haka, ba ruwan ɗumi, ba tausa, ba jiran gari ya waye. A kai shi likita nan take. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana da magani in an zo da wuri. In an yi shelar allurar rigakafi, ku fito da iyalinku duka.

Ku lura da bambancin. Ciwon wuya na zama ba ya zuwa da zazzaɓi. Mai shi yana ci, yana hira, yana tafiya. Wuya da zazzaɓi tare, wannan na likita ne.

Na biyu, wanda ya faɗo daga icce, ko daga moto, ko mota ta buge shi, yana kukan wuya. Kada a zaunar da shi, kada a ja shi, kada a juya kansa. Mutum ɗaya ya riƙe kan daidai da jiki, a kira masu agaji. In dole sai an ɗauke shi, a sa shi bisa faffaɗan katako a miƙe.

Na uku, in hannu ya mutu, ko ya rasa ƙarfi, abu yana suɓuce maka, ko ƙafa tana harɗewa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Na huɗu, in ciwon wuya ya zo da ciwon ƙirji da gumi da ƙarancin numfashi, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe. Na biyar, in ciwon yana hana barci kullum, ga rama, ga gumin dare ko tari mai daɗewa. Duk waɗannan, a tafi likita ba jinkiri.

Abin tattaunawa a aji

Yanzu ku koma ga tambayar farko. Yaya kake zaune? In ka gyara, madalla. Ga tambayoyi huɗu. Ku tattauna su da malaminku, kowa ya rubuta amsa a kayensa.

1. Ƙasusuwan wuya guda nawa ne?
2. Wane aiki ne a yininka ya fi sa ka daɗe a sunkuye? Me za ka ɗora shi a kai don ya ɗago?
3. Mace ta ɗauko bido mai lita 20, sawu 4 a yini. Kilo nawa wuyanta ya ɗauka a yinin?
4. Waɗanne alamu ne suke raba sanƙarau da ciwon wuya na zama?

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.